Kaset Ɗin da Ya Ƙi Magana a Silver Spring

Makonni kaɗan bayan bikin yaye ɗalibai na bana, 'yar autata ta same ni a falo da wayar mahaifiyarta a hannu, fuska a murtuke. Ta ce, "Abba, Gwaggo ta ce wai ba ta gane ni ba a bidiyon da muka tura mata. Wai fuskata ta dagule, jan hijabina ya malala har kan kumatuna." Ni ne na ɗauki bidiyon, kuma a wayata tas yake. A hanyarsa daga Maryland zuwa Kano wani abu ya same shi. Na fara yi mata bayani, sai na ga bayanin ya fi ƙarfin zama ɗaya, kuma ya tuna mini da wani tsohon ciwo nawa. Shi ya sa na roƙi malamai su ba ni waɗannan shafuka.

Tsohon ciwon shi ne wannan. Da na zo ƙasar nan a ƙarshen shekarun 1990, cikin kayana akwai kaset ɗin bidiyo na bikin aurenmu. Ranar da na sayi talabijin da na'urar kallon kaset, na gayyaci abokai biyu, aka dafa shayi, na zura kaset. Abin da ya fito ba ya kallo. Layuka ne kawai suke tsere a kan gilashi, babu launi, muryoyin mutane kuma sun koma siriri suna sauri kamar an tsokano tsuntsaye. Na ɗauka zafin tafiya ne ya lalata shi. Wani ɗan Ghana mai gyaran kayan lantarki ya duba ya yi dariya, ya ce kaset lafiyarsa ƙalau, yaren da yake yi ne na'urar Amurka ba ta ji. Na mayar da shi akwati. A cikinsa ne kaɗai hoton Innata mai motsi yake a duniya.

Kafin mu gane wannan yare, sai mun yarda da wani abu mai wuyar yarda: babu abin da yake motsi a cikin bidiyo. Ko kaɗan. Hotuna ne tsayayyu, irin na jikin bango, ake jero su ɗaya bayan ɗaya da sauri. Kowane ɗaya masu sana'ar suna kiransa firam, ni kuma zan riƙa cewa falle, kamar fallen takarda. Yara, ku gwada da tsohon littafin rubutu. Ku zana ƙwallo a kusurwar shafin farko, a shafi na biyu ku ɗaga ta sama kaɗan, haka har shafi ashirin, sannan ku saki shafukan da babban yatsa. Ƙwallon za ta tashi. Takarda ba ta motsa ƙwallo ba, ƙwaƙwalwarku ce ta cike giɓin da ke tsakanin zane da zane.

Mu da muka tashi a gida mun san wannan tun ba mu san sunansa ba. Da dare mukan zaro itace daga murhu mu riƙa wulwula bakin wutar, sai ka ga da'ira ja a cikin duhu, alhali garwashi ɗaya ne tak. Kuma tun da makarantar Larabci muke, ya kamata ku san cewa Ibn al-Haisam, mutumin Basra da ya rubuta Kitabul Manazir a Alƙahira kimanin shekara dubu da suka wuce, ya yi magana a kan abin wasan nan da ake murzawa ya yi ta juyi, irin katantanwarmu. Ya lura cewa idan aka shafa masa launuka dabam-dabam aka murza shi, ido ba ya iya rarrabe su, sai ya ga launi guda. Daga nan ya kafa hujjar cewa gani yana buƙatar lokaci, komai ƙanƙantarsa. Duk harkar fim da talabijin a kan wannan ɗan lokacin aka gina ta.

To falle nawa ake buƙata a sakan ɗaya? Idan aka nuna biyar ko shida, ido yana ganin tsalle-tsalle. Daga wajen goma sha biyu abin yakan fara kama da motsi. Finafinan farko marasa magana sukan yi tafiya a wajen 16 zuwa 18, da hannu ma ake juya kyamarar. Da aka sa wa fim murya a ƙarshen shekarun 1920 sai dole a tsayar da gudu ɗaya, don in gudu ya canza murya ma ta canza. Aka tsaya a kan 24, kuma har yau finafinan silima a kan 24 suke.

Abin da ya ba ni mamaki da na bincika shi ne, wani babban yanki na labarin nan a unguwanninmu ya faru. Ranar 13 ga Yuni, 1925, wani mai ƙirƙira da ake kira Charles Francis Jenkins ya tara manyan jami'an gwamnati a ɗakin gwajinsa da ke cikin Washington, ya nuna musu inuwar wani ɗan abin wasa mai fukafukai yana juyawa. Hoton ta iska ya zo, daga tashar rediyon sojan ruwa da ke Anacostia. A 1928 ya buɗe tasharsa mai suna W3XK, wadda daga baya ta koma Wheaton, nan inda da yawanmu muke zuwa cefane. Hotonsa layi 48 ne kacal, falle 15 a sakan, inuwa ce baƙa kawai take motsi. Da 'yar autata ta ga irinsa da ta ce waya ta lalace. Amma mutane sun zauna a gidajensu suna leƙen wannan inuwa cikin murna.

Da talabijin ta kankama, sai aka rasa daidaito, kowane kamfani da nasa tsarin. Hukumar sadarwa ta tarayya, FCC, wadda hedikwatarta ke nan Washington, ta sa aka kafa kwamitin injiniyoyi a 1940. Sunan kwamitin a taƙaice NTSC, kuma sunan ya bi tsarin da suka fitar a 1941: layi 525, falle 30 a sakan. Me ya sa 30 ba 24 ba? Saboda wutar lantarki. Wutar da ke cikin soket ba a miƙe take tafiya kamar ruwan famfo ba, kai da komo take yi. A Amurka tana yin wannan kai da komo sau 60 a sakan. Injiniyoyin sun ga cewa idan hoto bai bi takun wuta ba, wata inuwa za ta riƙa yawo a kan gilashi. Sai suka ɗaura hoto a kan 60: a zana rabin layukan, wato na ɗaya da na uku da na biyar har ƙasa, sannan a dawo a cike sauran. Rabi sittin, cikakken falle talatin ke nan.

A Turai kuwa wutar sau 50 take yi, kuma irinta aka kafa mana a Nijeriya da Nijar. Saboda haka talabijin ɗinmu ta tashi a kan falle 25 da layi 625. Da launi ya zo, Nijeriya ta ɗauki tsarin PAL da aka ƙirƙiro a Jamus, Nijar ta ɗauki SECAM na Faransa. Ga yaren kaset ɗina nan. An rubuta shi da 25, na'urar Amurka tana neman 30, tana kuma jan zaren kaset ɗin da sauri fiye da yadda aka naɗe shi, shi ya sa muryoyi suka sirance. Iyayen da suka riƙa sa a kawo musu finafinan Kano a kaset, tun daga zamanin da Turmin Danya ya buɗe hanya a 1990, sun san wahalar neman na'ura mai jin yare biyu. Wanda yake da ita a lokacin, gidansa ne dandali ranar Asabar.

Kada ku ɗauka wannan tarihi ne da ya wuce. In kun je hutu gida kuka ɗauki bidiyo da dare a ƙarƙashin wasu fitilu, za ku iya ganin haske yana rawa ko wasu ratsi suna gangarowa. Fitilar tana ƙiftawa sau 100 a sakan bisa takun wutar can, wayarku kuma tana ɗauka da 30 bisa al'adar nan, ƙafafunsu ba sa haɗuwa. Wayoyi da yawa suna da wurin da ake mayar da su 25, kuma sau da yawa wannan kaɗai yakan kashe rawar. Haka nan fankar rufi da kuke gani a bidiyo kamar tana juyawa da baya: tsakanin falle da falle kowane fiffike ya kusa isa inda na gabansa yake, bai dai ƙarasa ba, sai ƙwaƙwalwa ta zaɓi hanya mafi kusa ta ce baya ya koma. Shi kuma bidiyon nan mai tafiyar hawainiya da kuke so, wayar ce take ɗaukar falle 240 a sakan, ta nuna su 30 a sakan. Abin da ya faru a sakan ɗaya sai ya ci sakan takwas.

Yanzu mu shiga cikin fallen kansa. Ku buɗe farin shafi a waya, ku ɗiga ruwa ɗan mitsitsi a kan gilashin (ɗan mitsitsi na ce, kada wani ya ce ni na sa shi wanke wayar Umma). Ɗigon ruwan zai ƙara girman abin da ke ƙarƙashinsa, za ku ga farin nan ashe ba fari ba ne. Ƙananan fitilu ne ja da kore da shuɗi a jere. Kowane rukuni nasu shi ne ɗigon hoto ɗaya, wanda ake kira fiksel. Bidiyon da ake ce wa 1080 yana da ɗigo 1,920 a kwance, 1,080 a tsaye. In kun ninka za ku sami 2,073,600 a falle guda.

Me ya sa launi uku? Ba don duniya launi uku gare ta ba, sai don idonmu. A bayan ido akwai ƙwayoyin gane launi iri uku, kowane iri da ɓangaren hasken da ya fi kamawa. Duk launin da ka taɓa gani, daga ruwan goro zuwa shuɗin baba, saƙo ne na yadda waɗannan ukun suka motsu. Saboda haka in ka iya motsa su da fitilu uku daidai gwargwado, ido ba zai bambance da na gaske ba. A nan ne yara sukan yi mini gardama. In na ce ja da kore suna ba da rawaya, sai su ce sun gwada da fenti, ruwan ƙasa ya ba su. Gaskiyarsu. Fenti da rini shanye haske suke yi. Marinin Ƙofar Mata duk tsomawar da ya ƙara yi wa zane a karofi, ƙara duhu yake yi. Fitila kuwa ƙara haske take yi, in ka kunna ukun gaba ɗaya fari za ka samu.

Kwamfuta ba ta san ja ba, lamba ta sani. Kowace fitila ana ba ta lamba daga 0, wato a kashe, zuwa 255, wato iyakar haskenta. Baƙi shi ne 0, 0, 0. Fari 255, 255, 255. Rawaya 255, 255, 0. Matakai 256 sau uku suna ba da launi 16,777,216. Kowace lamba tana cin gurbi ɗaya da ake kira bayit, don haka ɗigo ɗaya bayit uku ne.

Mu yi lissafi, wanda yake da fensir ya bi ni. Ɗigo 2,073,600 sau uku, falle ɗaya ya haura megabayit 6. Sau talatin, sakan ɗaya ya kai wajen megabayit 186. Minti ɗaya ya wuce gigabayit 11. Da haka bidiyo yake tafiya, da karatun 'yata na minti uku ya cinye datar Gwaggo ta wata da watanni kafin ta ga an yi bisimilla. Dole a rage kaya, kuma dabarar farko ta rage kayan ita ma ta ratsa ta Washington.

A farkon shekarun 1950 ana son a fara watsa hoto mai launi, amma gidaje miliyoyi sun riga sun sayi talabijin mai baƙi da fari. FCC ta fara amincewa da wani tsari a 1950 wanda waɗannan akwatuna ba sa iya kamawa, abin bai je ko'ina ba. Ranar 17 ga Disamba, 1953 ta amince da wani sabo. Hikimarsa ita ce kada a aika ja da kore da shuɗi kai tsaye. A aika haske da duhu dabam, yadda aka saba, sannan a ɗora bayanin launi a gefe. Tsohuwar talabijin ta karanta hasken ta yi watsi da sauran, sabuwa ta haɗa biyun.

Duk wanda ya taɓa riƙe Alƙur'ani rubutun hannu irin na gida zai gane wannan nan take. Baƙaƙe da baƙar tawada ake rubuta su, wasula da ja. Gwani yana iya karanta baƙaƙen ko babu jan, don nauyin maganar a kansu yake. Haka ido yake da hoto. Siffar fuska, gefen hanci, zaren tufa, duk daga haske da duhu yake tsinto su. A wajen launi kuwa ido ba shi da kaifi sosai. Kuma a cikin hasken ma ba daidai yake auna ukun ba: a ma'aunin bidiyon zamani kore ne yake ɗaukar fiye da kashi 70 cikin ɗari na haske, ja wajen 21, shuɗi 7 kawai.

Akwai wani ɗan tabo da wannan gyara ya bari, wanda nake jin daɗin ba da labarinsa. Saƙon launi da aka cusa ya riƙa karo da saƙon murya, yana haifar da ɗige-ɗige a kan hoto. Maimakon a taɓa murya, sai injiniyoyi suka rage gudun hoto da kashi ɗaya cikin dubu. Talatin ta koma 29.97. An rufe manyan tashoshin tsohon tsarin a Amurka tun 12 ga Yuni, 2009, matsalar da aka yi wa magani ta mutu, amma lambar tana nan daram a cikin kyamarori da manhajojin tace bidiyo. A awa ɗaya bambancin falle 108 ne, sakan uku da rabi da 'yan kai. Ƙaramin abu ne har sai ranar da ka haɗa dogon bidiyo ka ga leɓen mai jawabi ya rabu da muryarsa.

Da bidiyo ya koma lambobi sai aka ci gajiyar raunin idon nan. A ɗauki ɗigo huɗu maƙwabta, biyu sama biyu ƙasa. Da lamba goma sha biyu za su ci. Sai a bar wa kowanne lambar haskensa, huɗu ke nan, launi kuma su yi tarayya a lamba biyu. Shida maimakon sha biyu, an zubar da rabin kaya kuma da wuya ka lura. Ana rubuta wannan tsari 4:2:0, kuma kusan duk bidiyon da kuke kallo a YouTube ko a waya haka yake. Inda asirinsa yake tonuwa shi ne wurin da ja mai ƙarfi ya yi iyaka da wani launi. Jan hijabin 'yata ke nan da ya hau kumatunta.

Rabi bai isa ba, sai dabara ta biyu, wadda ta fi ta farko ƙarfi nesa ba kusa ba. In ka kira gida ka tambayi labari, ba a fara lissafa maka ɗakuna da bishiyar tsakar gida. Cewa ake yi kowa lafiya, sai dai wance ta haihu, wane ya yi tafiya. Abin da ya canza kawai ake faɗa. Haka tsarin matse bidiyo yake yi, irin H.264 da aka fitar a 2003 wanda har yanzu shi ne ruwan dare. Yakan aika cikakken falle ɗaya, sannan na bayansa su zama 'yan saƙonni: bango yana nan, allo yana nan, wannan yanki ya matsa dama kaɗan, baki ya buɗe. Bayan ɗan lokaci a sake aiko cikakke. Shi ya sa bidiyon malami a zaune yana karatu yake fita fes da data kaɗan, amma na hawan Daushe, inda dawakai da ƙura da jama'a duk suke motsi lokaci guda, yakan farfashe ya zama 'yan murabba'ai. Labarin ya yi yawa, guzurin da aka ba shi bai kai ba.

Laifina a bidiyon 'yata biyu ne. Na ɗauka daga bayan zaure cikin ƙarancin haske, hannuna yana rawa, don haka kowane falle ya bambanta da na gabansa. Sannan na tura wa mahaifiyarta, ita ta tura wa ƙanwarta, ita kuma ta sa a zauren dangi. Manhajojin aika saƙo sukan matse bidiyo don ya yi sauƙin tafiya, kuma abin da aka zubar a matsewa ba ya dawowa. Wanda ya sauke ya yanke ya sake turawa, ya sake jawo wata matsewar a kan ta farko. Da na jingina wayar a kan wani abu, na matsa kusa da haske, na kuma aika shi a matsayin fayil ba a matsayin bidiyo ba, da Gwaggo ta ga 'yarta. Mun sake aika na asalin ta wannan hanya. Ya ɗauki lokaci kafin ya sauka, amma ta kira tana ta sa albarka.

Iyaye, maganar da ta fi damuna ke nan. Na san akwai kaset-kaset na aure da suna da saukar karatu a cikin akwatuna da ɗakunan ajiya daga Hyattsville har Alexandria. Zaren kaset ba ya jiran kowa, danshi da zafi suna cinsa a hankali, kuma an daina ƙera na'urar kallonsa tun 2016. Laburaren jama'a na birnin Washington yana da sashen da ake kira Memory Lab inda mutum yake mayar da tsofaffin kaset zuwa fayil da kansa, akwai kuma shaguna masu yin aikin. Ko ina za ku kai, ku fara gaya musu cewa kaset ɗin na PAL ne in daga Nijeriya ya zo, ko SECAM in daga Nijar, ku ji ko suna da na'urarsa. Ku kuma ce a bar shi a falle 25 ɗinsa. In aka tilasta shi ya koma 30, sai an ƙirƙiro falle biyar na ƙarya a kowane sakan, tafiyar mutane ta riƙa ɗingishi. Waya da kwamfutar yau suna jin kowane yare, ba sa buƙatar wannan fassara. Fayil ɗin da aka ba ku kuma ku ajiye shi wuri biyu, kada kwafin da ya bi ta zauren dangi ya zama shi ne kaɗai ya rage.

Nawa kaset ɗin na kai shi bara. Awa biyu ne, wato falle 180,000. Inna ba mai son kyamara ba ce, sau ɗaya mai ɗauka ya kama ta, tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta tana ba wata yarinya ajiyar goro, ta ɗago ta gan shi, ta ja mayafi ta kare fuska tana dariya. Sakan arba'in ne. Na sa 'yar autata ta yi lissafin da kanta, ta ce falle dubu ɗaya. Ta zauna a gaban kwamfuta tana danna su ɗaya bayan ɗaya, har ta kai kan wanda mayafin bai riga ya rufe fuskar ba. A nan ta tsayar, ta ce in fitar mata da shi a takarda.